Shekarar da Malama Hasiya ta Daina Zaɓen Yara

Makarantar Malama Hasiya tana can cikin unguwar Dilimi a Jos, bayan layin masu sayar da kayan gyaran mota, inda baƙo zai iya wuce ƙofar sau biyu bai lura ba. Ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, sai bishiyar gwaiba da yara ba su taɓa bari 'ya'yanta sun nuna ba. Nazare ce zalla, ta 'yan shekara uku zuwa biyar. Ƙungiyar matan unguwa ce ke ɗauke da nauyin malamai, iyaye ba sa biyan kuɗi mai yawa, shi ya sa kowa ke son ɗansa ya shiga, kuma shi ya sa duk shekara masu nema sukan ninka gurbin da ake da shi.

Malama Hasiya ce ke zaɓe, kuma ta fi shekara ashirin tana yi. Da damina ta fara ja da baya sai ta shimfiɗa tabarma a gindin gwaibar, iyaye su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaisa da uwa, ta tambayi yaro sunansa, ta miƙa masa alli ta ga yadda zai riƙe. Kafin uwar ta gama gyara mayafi, Malama ta riga ta yanke hukunci a ranta. Ko goro ba ta taɓa karɓa don ta ɗauki yaro ba, duk Dilimi an shaide ta da wannan.

Wata Asabar da hantsi tana shanya tsummokaran goge allo sai ta ji sallama. Rahma ce, tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu take koyarwa a jami'a can Naraguta, tana kuma karatun digirinta na uku. Ta zo da ledar dankalin turawa da kabeji, ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

Bayan an sha ruwa an taɓa hira, Rahma ta ce, "Malama, bincike nake so in yi a kan makarantun nazare. So nake in gano ko abin da yaro ya samu a nan yana bin sa har gaba, har ya gama firamare."

Malama Hasiya ta kwashe da dariya. "To ai kin gama bincikenki. Shiga ɗaki ki dubi madubi."

Ta shiga lissafo mata 'ya'yanta, don haka take kiransu. Ga Mahdi likita ne a Bauchi. Ga wance tana aikin banki, ga wane lauya. Kowanne ta san ranar da ya fara rubuta sunansa, ta san wanda ya yi ta fitsari a wando har zango na biyu. Rahma tana murmushi tana saurare, amma hannunta na ta murza bakin mayafinta.

"Malama, ranar da Ummata ta kawo ni, me kika gani kika ɗauke ni?"

"Me na gani? Yarinya tsaf-tsaf. Kin gaishe ni har ƙasa, kin ƙirga mini ɗaya zuwa goma ba gargada."

"Wa ya koya mini ƙirgan?"

"Uwarki mana. Ai malamar asibiti ce."

"To abin da ke hana ni sakat ke nan," in ji Rahma a hankali. "In na kwatanta mu da muka yi nan da waɗanda ba su yi ba, na san mu za mu fi. Amma tun kafin mu taka ƙofar nan mun riga mun fi su wani abu. Ta yaya zan raba aikinki da aikin Ummata?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Malama. Rahma ta yi ta maza ta ƙarasa bayani. Ta ce hanya ɗaya ce ta san za ta fitar da gaskiya. Tun da dai gurbi ba ya isa, a bana kada kowa ya zaɓa. A jefa ƙuri'a tsakanin duk masu nema. Ta haka masu shiga da masu komawa gida za su zama iri ɗaya, ɗan mai hali da ɗan talaka, mai surutu da mai kunya, duk a gauraye. Sai a riƙa bibiyar ɓangarorin biyu shekara da shekaru. Duk bambancin da aka gani daga baya, makaranta ce ta kawo shi.

"Caca za ki mayar mini da makaranta?" Malama ta ce. "Na goya ki na koya miki riƙe fensir, yau ki zo ki ce mini ba ki tabbata na yi miki komai ba?"

"Ba haka nake nufi ba, Malama. Ni a raina na tabbata. Amma waɗanda za su gina irin makarantar nan a kowace unguwa ba za su karɓi abin da ke raina ba."

"Ki gaida Ummanki," in ji Malama, ta miƙe ta koma kan tsummokaranta.

Da la'asar ta biya shagon ƙanenta Ibrahim, tela ne a bakin layi, shi ke ɗinka wa makarantar yunifom tun da aka buɗe ta. Ta zayyana masa duk yadda aka yi. Ibrahim ya cire allurar da ke bakinsa ya ce wannan rashin kunya ce irin ta 'yan boko. Ya kuma tuna mata, a cikin wasa, cewa jikarsa Fiddausi bana ta isa shiga, kada wata ƙuri'a ta tsallake ta. Suka yi dariya tare.

Amma tambayar ba ta bar Malama ba. Ranar Litinin ta tsaya a gaban aji yara suna rera waƙar haruffa, sai ta samu kanta tana bin fuskokinsu. Wannan babansa malamin sakandare ne. Waccan uwarta na da shagon magani. Wancan yayyensa biyu duk nan suka yi. Ta nemi ɗan mai tallar awara ko ɗan mai turin baro, ta samu, amma ba su da yawa. Ta yi ƙoƙarin tuna fuskar ko da yaro ɗaya cikin waɗanda ta mayar bara, ta kasa.

Da Rahma ta bugo waya bayan kwanaki, tana ba da haƙuri, tana kuma roƙon ta zo wani taro da za a yi a Vom da sauran masu makarantu, Malama ta ce za ta zo. Ta ce za ta zo ne kawai ta faɗa wa ogan Rahma ra'ayinta ido da ido.

An yi ruwa da asuba, hanyar Vom duk ta yi kore shar, shanu na kiwo a gefen duwatsu. A ɗakin taron wata majami'a aka zauna, inda wata dattijuwa Madam Angela ke da tata nazaren. Masu makarantu sun zo daga Bukuru, daga Naraguta, daga Tudun Wada. Malamin Rahma, Dakta Dantong, dogo ne mai furfura, yana magana da Hausar Jos yana haɗawa da hannu. Ya ce makaranta ɗaya ba za ta isa ba, don in aka ga alheri ba za a san ko na nazare ne ko na malama ɗaya mai baiwa ba. Shi ya sa suke son makarantu da yawa, na gari da na ƙauye, na masallaci da na coci.

Da aka tashi shan shayi, Madam Angela ta matso kusa da Malama Hasiya da kofinta. Gajeriya ce, ta ɗaura ɗankwali ta sa rigar sanyi mai kauri.

"Hajiya, na ga fuskarki tun ɗazu. Ni ma haka na yi da suka fara zuwa. Kora na yi musu."

"To me ya sauya miki ra'ayi?"

"Marigayi maigidana, Gyang. Aikin shanu ya yi har ya yi ritaya. Na tuna yakan ce in za su gwada sabon abinci a kan maruƙa, ba a yarda mai kiwo ya zaɓi waɗanda za a ba. Don ko bai yi niyya ba, hannunsa kan masu ƙiba zai tafi. Ya ce ba mugunta ba ce, so ne." Ta kurɓi shayi. "Na ce to, in an yi wa ɗan maraƙi wannan adalci, ɗan mutum fa?"

Da aka koma zama Malama Hasiya ta ɗaga hannu.

"Dakta, ina da tambaya. In kuka gama bin yaran nan, kuka ga ba mu tsinana musu komai ba fa?"

Dakta Dantong ya cire tabarau.

"Mama, sai mu rubuta haka. Ba zan yi miki ƙarya ba. Tun yanzu za mu rubuta abin da za mu auna da yadda za mu auna, mu kai inda ba mu iya canzawa, don kada gobe mu ga sakamako mu zaɓi mai daɗi. Masu gwada yara kuma ba za su san wane ya yi nazare wane bai yi ba. Kuma da harshen yaro za a yi masa magana, mai Hausa da Hausa, mai Birom da Birom. Amma ni ban jin za a samu babu komai. Abin da na fi zato, za a ga wani abu yana aiki, wani ba ya aiki. Ke ba ki so ki san wanne ne?"

Tana so. Ta daɗe tana so, ba ta dai taɓa samun wanda ya tambaye ta ba.

"To ina da sharaɗi," ta ce. Rahma ta ɗago kai da sauri. "Na ji kun ce kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'a. A Dilimi ba wanda zai yarda da abin da aka yi a ofis. A gaban kowa za a yi, kowa ya zaro da hannunsa. Sannan 'yan biyu, ko yaran gida ɗaya, ƙuri'a ɗaya za su yi. Ba zan raba Hassan da Husaini ba. Marayu kuma da ƙungiya ta saba kawowa, ba ruwansu da ƙuri'a."

Dakta Dantong ya ce duk ya amince. Marayun a ba su gurbinsu, sai dai ba za a sa su cikin lissafin binciken ba. Maganar gida ɗaya kuwa ta ma taimake su, don yaran gida ɗaya abin da ɗaya ya koyo a makaranta yakan kawo wa ɗan'uwansa. Ya ƙara da cewa duk yaron da iyayensa suka yarda a bibiye shi, ya shiga ko bai shiga ba, za a duba masa ido da kunne kyauta.

A mota kan hanyar dawowa Malama ba ta yi wa Rahma magana sosai ba. Sai da suka kusa Bukuru ta ɓare gyaɗa ta zuba mata a tafin hannu.

Ibrahim ne ya ba da maɓallai, koraye da farare, duk girmansu ɗaya, yana mita yana ƙirgawa. Aka zuba su cikin jakar atamfa mai zurfi. Ranar ƙuri'a tsakar gidan ya cika har waje, ga limamin unguwa, ga shugabar ƙungiyar mata, ga mai unguwa a kujerar roba. Rahma ta tashi ta yi bayani dalla-dalla. Kore ya samu gurbi, fari bai samu ba. Wanda bai samu ba yana da 'yancin kai ɗansa duk inda ya ga dama, abin da ake roƙo kawai ya faɗi gaskiya in an tambaye shi. Wanda kuma ba ya son a bibiyi ɗansa, ƙuri'arsa na nan daram, ba abin da zai rasa.

Aka fara. Mai kore ta yi guɗa, mai fari ta ja ɗanta ta koma gefe. Abin da ya ba Malama mamaki shi ne ba wadda ta harare ta. Shekara da shekaru in ta mayar da yaro, uwar kan yi wata guda ba ta gaishe ta a hanya. Yau kuwa sai su dubi maɓallin, su ce haka Allah ya so.

Wata mata ta matso, baƙuwa ce a unguwar, matar wani Inyamuri mai shagon kayan mota. Sunanta Theodora, tana riƙe da hannun 'yarta Obianuju. Malama ta sunkuya ta gaida yarinyar da Hausa, ta sake da Turanci. Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba, idonta na kan kajin maƙwabta. A ranta Malama ta ce wannan da a tabarma ne, da ta ce a dawo da ita baɗi. Theodora ta zura hannu ta zaro kore.

Can wajen ƙarshe aka kira gidan Ibrahim. Ya ce shi zai zaro wa jikarsa da kansa, tun da maɓallan nasa ne sun san hannunsa. Mutane suka yi dariya. Fiddausi na tsaye kusa da shi da sabon takalmi. Ya zura hannu, ya jujjuya, ya fito da shi a dunƙule. Da ya buɗe, fari ne.

Ya dubi yayarsa. Ita kuwa ta dubi ƙasa.

Washegari da sassafe ya zo gida. Bai zauna ba.

"Yaya, yarinya ɗaya ce. Benci ɗaya ake matsawa."

"Iro, in na matsa maka benci, me zan ce wa matar mai shayi da ta zaro fari a gabanka?"

"Matar mai shayi ƙanwarki ce?"

"A'a. Amma a gabanta na ce ba zan sa hannu ba."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya fita. Yunifom ɗin bana sai yaron shago ya aiko da su.

Aka buɗe makaranta da aji irin wanda Malama ba ta taɓa gani ba. Akwai waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba, akwai mai cizo, akwai wanda ya yi sati yana kuka a bakin ƙofa. Malamanta biyu suka yi ta ƙorafi, ita ma wani lokaci takan koma gida muryarta a dishe. Obianuju kuwa kullum tana lungu ita kaɗai, a kira ta ba ta waiwayowa.

Da masu duba lafiya suka zo, sai aka gano ruwa ne ya taru wa yarinyar a kunnuwa biyu, maganar mutane can ƙasa-ƙasa take jin ta. Aka tura su asibiti, aka ɗora ta a kan magani. Malama ta dawo da ita benci na gaba, ta riƙa durƙusawa tana yi mata magana fuska da fuska. Kafin hutun Kirsimeti, ranar nan ana cikin waƙa, sai aka ji wata murya ta fi ta kowa ƙarfi, ba ta ma bin kari. Malama ta waiwaya. Obianuju ce, ta buɗe baki iya ƙarfinta. Sai da Malama ta fita tsakar gida ta ɗan tsaya kafin ta dawo.

A makon ne Rahma ta zo da damuwa. Ta ce abokiyar aikinta Klaudiya, wadda ke zagayen gidaje, ta je gidan Ibrahim an ce mata an cire Fiddausi daga binciken. Kuma wasu gidaje uku na masu farin maɓalli sun ji labari, su ma suna shirin janyewa.

"Haƙƙinsa ne, Malama, ba mu isa mu tilasta masa ba. Amma in masu fari suka watse, aikin ya mutu. Waɗanda ba su shiga ba, su ne rabin binciken."

Malama ta ɗauki mayafi.

Ta samu Ibrahim a kan keken ɗinki. Ya amsa sallamarta bai tsayar da ƙafa ba. Ta jawo kujera ta zauna ta jira har ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa.

"Kowane yaro a makarantar nan rigar da na ɗinka yake sawa," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Jikata ce kaɗai ba ta sa ba. Sannan a zo mini gida da takarda ana tambayarta launin ƙwallo?"

"Na sani, Iro. Ni ma abin na ci na. Kullum na ga bencin gaba sai na tuna ta."

Ta matso da kujerarta ta ci gaba.

"Ka san yara nawa na mayar tun da na buɗe wurin nan? Ni ma ban sani ba. Ba wanda ya taɓa bin sawunsu ya ga me suka zama. Su Fiddausi ne na farko da wani zai damu ya bi. Kuma ka duba, irinku masu zafin nema, masu tsayawa a kan yaro, in duk kuka yi fushi kuka janye, wa zai rage a ɓangaren fari? Sai waɗanda ba su damu ba. Sai a auna a ce makarantata ta yi abin al'ajabi, alhali ƙarya ce. Ni ba na son yabon da aka samo ta haka."

"Ni dai na riga na fara koya mata da kaina," ya ce. "Kullum bayan la'asar. Ta iya rubuta sunanta da allin yanka."

"To ci gaba. Ka koya mata har ta fi nawa. Abin da suke so kawai, in sun zo ka gaya musu kana yi."

Ibrahim ya ɗan murmusa duk da bai so ba. "In ta doke 'yan makarantarki fa?"

"Sai su rubuta haka. Sai in ɗauke ka aiki."

Ya yi tsaki, ya jawo wani yadi. Tana bakin ƙofa ya ce, "Ki ce wa yarinyar nan mai takarda ta dawo ranar Laraba. Amma ban da lokacin salla." Sauran gidajen ma, da suka ji tela ya sauko, suka sauko.

Shekaru suka tafi. Yaran ƙuri'ar farko suka shiga firamare, masu kore da masu fari suka haɗu a aji ɗaya, har su kansu ba su tuna wane ne wane ba. Duk ƙarshen shekara Klaudiya da mutanenta kan zo su zauna da kowane yaro, su yi wasa, su ba shi labari ya maimaita, su sa shi jera abubuwa. Malama ta taɓa cewa za ta leƙa ta gani, Rahma ta hana ta. Ta ce da ta shigo rabin yaran za su ruga su rungume ta, masu gwaji su gane nata. Malama ta yi fushin ƙarya, amma maganar ta yi mata daɗi har ta maimaita wa Madam Angela a waya, don yanzu sukan gaisa duk Sallah da Kirsimeti, wani lokaci ma ba dalili.

Da yaran suka gama aji biyu, Rahma ta zo da sakamakon farko na dukkan makarantun. Yanzu ita ma Dakta ake kiranta, amma a tabarma ta zauna.

"Akwai mai daɗi akwai marar daɗi, Malama. Wanne zan fara?"

"Fara da mai ɗaci."

"Haruffa da ƙirga. Da aka shiga aji ɗaya naku sun yi nisa sosai. Amma zuwa yanzu sauran sun kusa kamo su. Tazarar ta ragu ƙwarai."

Malama ta dafe ƙirji. "Wato duk maƙogwaron da na kashe a kan waƙar haruffa?"

"Bai tafi a banza ba, amma ba shi ne ya daɗe ba. Abin da ya daɗe daban ne. Naku sun fi iya sauraron umarni su bi har ƙarshe. Sun fi iya ba da labari da bakinsu, sun fi tambaya in ba su gane ba, kuma ba su cika fashin makaranta ba. Tazarar ta fi girma a yaran da babu mai karatu a gidansu." Ta ɗaga hannu da sauri. "Amma kada ki ɗauka an gama. Aji biyu ne kawai. Yana iya ƙaruwa, yana iya shuɗewa. Sai mun kai su aji shida zan iya buɗe baki da ƙarfi."

Malama ta dubi tsakar gida. Ba abin da ta yi zato ba ne, amma ta ji kamar an sauke mata wani kaya da ta daɗe tana ɗauke da shi ba ta sani ba. A ranta har ta fara sauya jadawali. Za a rage rera haruffa, a ƙara lokacin tatsuniya, a bar yara su riƙa ba da nasu labarin ko da shirme ne.

"Fiddausi fa?" ta tambaya.

"Malama, kin san ba na faɗin na yaro ɗaya."

"Na sani. Gwada ki na yi. Ai kakanta ya riga ya cika unguwa da cewa ita ta zo ta uku."

Suka yi dariya. Sannan Rahma ta ce akwai wata matsala. Yara biyu sun ɓace musu bana. Ɗaya an ce sun koma Lafiya, an samu lambar babansa. Ɗayar kuwa, 'yar gidan wani mai faci da ya zaro fari, sun tashi daga Dilimi ba wanda ya san inda suka nufa, wayar ma ba ta shiga.

"Mai faci? Wanda matarsa ke da tsagen Barebari?"

"Ita ce."

"Ai uwar matar tana sayar da kuka da daddawa a kasuwar Taminus, ta bakin masu kifi. Ko jiya na gan ta." Malama ta dafa gwiwa ta miƙe, ta leƙa aji ta ce wa ƙaramar malamar ta kula da yara. Ta zura takalmi tana laluben jakarta. "Tashi mu je yanzu, in aka yi azahar tafiya take yi. Kin zo da mota ko keke za mu hau?"